Mai Injin Niƙa a Tsaunukan Oaxaca

Ƙarfe huɗu na asuba nake ta da inji.
Shekara talatin da ɗaya ke nan,
ban taɓa ɗaga fitila don in san wa ke ƙofa ba.
Bokiti ne ke yin sallama.

Na Porfiria masara ce shuɗiya,
irin da kakarta ta ɓoye a tulu shekarar fari.
Ta Nemesio ja ce, mai taurin kai kamar mai ita,
sai na ɗaure dutse sau biyu kafin ta saduda.
Ta gidan Eulalia fara sol, laushin tafin jariri.
In rana ta take, na zo wanke hannu,
launi uku nake tararwa ƙarƙashin farce.

Sai rediyo ta ce an buɗe iyaka,
an sauke haraji, kowa zai dara.
Mu dai babbar mota muka gani
ta hawo tudu tana nishi da buhunan arewa,
masara rawaya, ƙwayarta kai ɗaya kamar haƙoran roba.
Kuɗin buhunta bai kai na takin da Nemesio ya zuba ba.
Ran Lahadi ya kai tasa kasuwa a kan jaki,
ya komo da ita a kan jaki.
Babu wanda ya yi masa barka da kasuwa.

Da damina ta zagayo, masu awo suka iso
da sanduna ja da fari da na'ura mai ƙafa uku.
Ƙasar da muka tashi muka sani ta gari ce,
wadda taro ke rabawa da ɗaga hannu,
aka yanyanka ta a takarda, kowa da lamba da hatimi.
"Yanzu taku ce," in ji su.
Ba su yi ƙarya ba.
Ai sai abu ya zama naka kake iya rabuwa da shi.

Eulalia ta kai tata takardar banki,
ta ci bashi, ta kafa rumfar leda, ta dasa tumatir.
Ba zan ci haƙƙinta ba, ta dace.
Rufinta kwano ne yanzu,
'yarta na koyon jinya a birni.
Sai dai ba ta barci daga sha biyar ga wata.

Nemesio ya sa hannu da babban yatsa.
Kamfani ya dasa wani tsiro mai ƙaya da ake matsar giya,
layi-layi har bakin kwazazzabo.
Kuɗin gonar ya tafi aljihun mai tsallakar da mutane.
'Ya'yansa biyu suna can arewa, cikin ɗakin sanyi,
suna figar kajin da aka ƙosar
da masarar da ta kore su daga gida.
Duk wata suna aiko da abin da ya samu.
Ya sayi gari a leda, wanda ba ya neman injina,
ya rataya tocila, ya tafi gadi
a gonar da ya san kowane dutse da sunansa.

Da bokiti arba'in nake niƙawa kafin zakara ya gaji.
Jiya shida na ƙirga, har da nawa.

Porfiria ce ba ta fashi.
Dillali ya je gidanta sau uku da jaka a hammata,
sau uku ta ba shi kujera, ta ba shi gurasa mai zafi,
ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa.
Na ce, "Ina takardar?"
Ta ce tana nan, takarda ce mai kauri,
da ita ta rufe bakin tulun iri,
ko ƙwaro ba ya shiga.

Man da nake ƙonawa don mudunta biyu
ya fi abin da take ƙullo mini a bakin gyale.
Na yi lissafin, ban gaya mata ba.
Gobe ma ƙarfe huɗu.

Launi ɗaya ya rage ƙarƙashin farcena,
ba na saurin wanke shi.